Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Ƙwadago Na Nijar Kan Tanadin Ritaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina rubuto muku wannan takarda ne daga Tahoua, a matsayin tsohon ɗan sandika, wato ɗan ƙungiyar ƙwadago, wanda ya shekara 34 yana riƙe da littafin lissafi a kamfanoni masu zaman kansu tsakanin Yamai da nan Adar, kafin ya ajiye aiki. Na biya kuɗin ƙungiya, na yi tattakin ranar 1 ga Mayu cikin zafin bazara har makogwaro ya bushe, kuma na shiga yajin aiki a lokutan da shigarsa ke iya raba mutum da abincinsa. Saboda haka maganar da zan yi ta cikin gida ce, kuma ina roƙon ku karɓe ta a haka.

Babu mai musun abin da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi wa ƙasar nan. Mu da muka ga shekarar 1991 mun san rawar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta taka har aka kai ga babban taron ƙasa, mun kuma san yadda aka yi ta fafutikar bashin albashi a shekarun da ma'aikacin gwamnati kan yi wata da watanni bai ga ko dala ba. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya daɗe a tsaye kan sefa 30,047 tun daga 2012, bai motsa ba sai da kuka yi ta maimaita maganarsa a kundin koke-koke. Amma akwai wani aiki da na ga an bari a baya, kuma ba ya jiran sa hannun minista ko kasafin kuɗin ƙasa, wato koya wa ma'aikaci, tun ranar da ya karɓi albashinsa na farko, yadda zai san abin da ke jiransa ranar da albashin zai tsaya, da abin da ya kamata ya yi kafin ranar. Muna koya wa matashi yadda zai nemi ƙari, amma muna barinsa ya kai shekara 59 bai taɓa ganin takardar da ke nuna watannin da aka zuba masa a asusun fansho ba.

Abin ya faru da ni, kuma ni ma'aikacin lissafi ne. Saura shekara biyu in bar aiki na ɗauko tsohon akwatin ƙarfe da nake tara takardun albashi a ciki, na shimfiɗa tabarma a zaure bayan sallar La'asar, na jera su shekara bayan shekara, wasu sun yi ja don daɗewa, wasu gara ta ci gefensu. Da na karɓo jerin watannin da aka rubuta mini a asusu na gwama da abin da ke gabana, sai na tarar wata 38 babu su. A kowace takarda ta waɗannan watanni ga layin da ke nuna an cire mini kason fansho, amma wani kamfani da na yi wa aiki a ƙuruciya bai kai kuɗin inda ya dace ba, kuma a lokacin da na farga kamfanin ya daɗe da rufewa, mai shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na zauna da takardun a hannu har aka kira Magariba. Abin da ya fi cin raina shi ne, da na duba a shekarar da abin ya faru, da wasiƙa ɗaya daga wakilin ma'aikata ta isa a gyara. Idan wanda sana'arsa lissafi ce ya yi wannan sakaci, ina ga direba da mai gadi da mai shara, waɗanda wasunsu ba su ma iya karanta abin da aka rubuta musu da Faransanci ba?

Lissafin kansa ba shi da wuyar da ake zato, kuma wannan ne ya sa nake ganin rashin koyar da shi babban kuskure ne. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin CNSS, asusun da ke biyan fanshon ma'aikatan kamfanoni, wanda aka kafa tun 1965, ana cire masa kashi 5.25 cikin 100 na albashinsa domin fansho, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 6.25. Shekarun ritaya 60 ne, kuma ginshiƙin lissafin shi ne wata 180, wato shekara 15 na zubi. Wanda bai cika su ba, abin da zai samu kuɗi ne dunƙule sau ɗaya, daga nan babu wani abu da zai ƙara shigo masa. Ana duba matsakaicin albashin shekarun ƙarshe, sannan kowace shekarar aiki ta ba mutum wani kaso daga ciki: shekarun da suka gabaci 2012 ana lissafa su da kashi 1.33, waɗanda suka biyo baya da kashi 2. Ke nan wanda ke karɓar jika 150, wato sefa 150,000, a wata, idan ya yi shekara 30 duka a kan sabon lissafi, zai tashi da jika 90, ire-irenmu kuwa da yawancin shekarunmu suka faɗa a tsohon lissafi, kusan rabin albashi muka tashi da shi. Akwai kuma rufin da ba a wucewa, domin abin da ya haura jika 500 a wata ba ya shiga zubi, ba ya kuma shiga fansho, don haka babban ma'aikacin da ya saba da miliyan shi ne faɗuwarsa ta fi nisa. Duk wannan bayani bai fi a yi shi cikin rabin sa'a a kan allo da Hausa ko Zabarmanci ba, amma a shekara 34 ban taɓa halartar taron sandika da aka yi shi ba.

Ma'aikatan gwamnati da ke ƙarƙashin CARENI, asusun da ke biyan nasu fanshon, su ma suna da tasu matsalar da ba a cika gaya musu ba. Abin da ke shiga hannunsu a ƙarshen wata ya haɗa da alawus iri-iri, na gida, na muƙami, na zama a wuri mai nisa, alhali fansho a kan tushen albashi ake gina shi. Ranar da mutum ya miƙa mabuɗin ofis, alawus ɗin su ma sun tafi. Ga kuma dubban malaman makaranta da ma'aikatan lafiya ƴan kwantiragi, waɗanda wasunsu kan shafe shekaru masu yawa kafin a ba su lambar zama cikakkun ma'aikata. Haƙƙinsu ne a kanku ku zauna da hukuma a fayyace musu a rubuce yadda za a ɗauki waɗannan shekaru a lissafin tsufansu, domin malamar da ta fara koyarwa a wani ƙauyen Bouza ko Keita tana da shekara 23 bai kamata sai ta kai 55 sannan ta fara tambaya ba.

Sanin adadin fansho shi ne matakin farko, amma ba shi ne ke tsayar da tukunya ba. A ƙasashen da aka ƙirƙiro tsarin nan, mutum kan yi ritaya bayan ƴaƴansa sun tashi sun kama gabansu. Mu a nan, ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa 7.6 a matsakaici, magidanci kan bar aiki yana da ɗa a jami'a, da ƴa da ake shirin aurarwa, da auta a aji uku na firamare, ga tsohuwa a ƙauye da ke jiran buhun hatsi, ga marayun ɗan'uwa da aka ajiye masa. Albashi ya ragu da rabi, bakunan da ke ci kuwa ba su ragu ba, kuma a daidai wannan lokaci ne hawan jini da ciwon suga da ciwon ido ke fara sallama, wani ciwon ma sai an ɗauki mutum fiye da kilomita 500 zuwa Yamai. Ban kawo wannan don in ce wa kowa ga adadin iyalin da zai tara ba, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa da matarsa. Abin da nake so shi ne ɗan shekara 45 ya ɗauki alƙalami ya rubuta shekarun kowane yaro a ranar da shi zai cika 60, domin wanda ya ga wannan a rubuce ba zai ƙara kallon albashinsa yadda yake kallonsa a da ba.

A ganina, kuma na faɗa wa duk matashin da ya tambaye ni, muhalli ne gaba da komai. Tsohon da ke zaune a gidansa, ko da na laka ne mai ɗaki biyu, yana iya jure ƙaramin fansho, amma wanda ke haya, mai gida ne ke fara cin kuɗinsa kafin ƴaƴansa. A sayi fili tun da wuri, a tabbatar da takardarsa a wurin hukuma kafin a biya, a kuma dubi inda ruwa ke bi, domin ambaliyar 2020 a unguwannin bakin kogi na Yamai da ta daminar 2024 a faɗin ƙasa sun rushe gidajen da mutane suka shekara ashirin suna ginawa. Sai a riƙa ɗora bulo kaɗan-kaɗan. Abu na biyu shi ne bashi. Yau banki na bin ma'aikaci har ofis da bashin shiga makaranta, da na ragon Layya, da na babur, kuma kowanne daga tushen albashi ake cire shi kafin ya iso hannu. A 2014 an ƙayyade cewa ruwan bashi kada ya wuce kashi 15 cikin 100 a bankuna, da kashi 24 a ƙananan asusun ba da rance na yankin kuɗin sefa, alhali ajiyar da talaka ke yi a littafin banki kashi 3.5 take haifa masa a shekara. Duk wanda aka nuna wa waɗannan alƙaluma gefe da gefe zai gane cewa cin bashi don abin da za a cinye a kwana uku asara ce, kuma shiga ritaya da bashi a wuya ya fi komai muni.

Na san dalilin da ya sa tsaranmu ba su yarda da ajiyar kuɗi ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Mun ga durƙushewar bankin BDRN. Mun kwana ranar 11 ga Janairun 1994 da kuɗinmu, muka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, abin da ake shigo da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ajiyar shekaru ta koma ba ta sayen rabin abin da take saye. Matasan yau kuma sun ga nasu a 2023, lokacin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da aka rufe iyakoki, shinkafa ta yi tsada, mutum ya yi layi a ƙofar banki ya kasa cire abin da yake nasa. Amma wanda ya ce saboda haka dabba kawai zai tara, sai ya tuna da 2005 da 2010, shekarun da ciyawa ta ƙare, aka sayar da saniya a kuɗin da bai kai buhun hatsi ba. Darasin da na ɗauka shi ne kada a tara komai a wuri ɗaya: wani abu a banki don larurar gaggawa, wani a tumaki ko awaki a hannun amintacce, wani a gona ko garka, wani a hatsin da aka saya da kaka aka zuba a rumbu. Ya kamata kuma ma'aikaci ya san cewa akwai asusun lamunin ajiya na yankinmu, wanda ke biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 idan banki ya faɗi, da 300,000 idan ƙaramin asusu ne, domin ya san iyakar abin da aka tsare masa. Masu gudun kuɗin ruwa saboda addini, kuma suna da yawa a cikinmu, damuwarsu abin girmamawa ce. Akwai bankin Musulunci a ƙasar nan, akwai adashe, akwai haɗin gwiwar kasuwanci bisa raba riba da asara, kuma zai yi kyau ku gayyato malamai su zauna tare da masana kuɗi a yi wa mutane bayani a wuri ɗaya. Haka nan malaman ne za su fi kowa iya warware wa mai cewa tanadi rashin tawakkali ne, tunda kakanninmu da suka fi mu tawakkali ba su taɓa cinye iri ba.

Sai maganar sana'a, wadda a nan ne na ga mutanen kirki sun fi yin asara. Wani abokin aikina, mutum mai tsantseni da bai taɓa cin dalar kowa ba, da ya bar aiki sai ya tattara duk abin da ya mallaka ya nufi Galmi a lokacin da albasa ke araha, ya saya buhu-buhu, ya sa aka gina masa rudu aka zuba, da niyyar sai ta yi tsada bayan damina ya fitar. Lissafinsa a takarda daidai yake, domin kowa ya san yadda farashin albasa ke tashi idan ta yi ƙaranci. Abin da bai sani ba shi ne wanda ɗan shekara goma sha biyar a garkar ubansa ya sani: albasar da aka cika wa taki da ruwa dab da cira ba ta ajiyuwa, kuma sai ana shiga ana juyawa ana tsince wadda ta fara lalacewa. Na raka shi ranar da aka buɗe rudun. Tun daga nesa wari ya tare mu, ya sa hannu ya ɗago ɗaya, ta narke a tafinsa, ya tsaya yana kallonta bai ce uffan ba. Wasu kuma mota suke saye su ba direba a kan hanyar Konni, kafin shekara ta zagayo mota tana wurin makanike. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake so ya yi kiwon turka, ko noman rani, ko buɗe shago bayan ritaya, ya fara da ƙarami saura shekara goma, lokacin da albashi zai iya ɗaukar kuskurensa, ya koyi kasuwar Badaguichiri da ƙafarsa kafin ya sa kuɗin tsufansa a ciki.

Akwai wani ɓangare da maza ba su son a taɓa, amma dole in taɓa shi, wato abin da ke faruwa da iyali bayan rasuwar mai fansho. Doka ta ba matar mamaci rabin fanshonsa, idan mata sun fi ɗaya su raba, marayu ma suna da kasonsu. Sai dai hukuma da takarda take aiki. Aure nawa aka ɗaura a masallaci da goro da shaidu, aka haifi ƴaƴa, aka yi jikoki, ba a taɓa zuwa ma'aikatar magajin gari an rubuta shi ba? Na ga dattijuwa cikin takaba tana yawo da jakar leda daga wannan ofis zuwa wancan, ana aika ta kotu neman takardar da mijinta zai iya samowa cikin safiya ɗaya yana raye. Haka batun takardun haihuwar yara, da sunan da aka rubuta iri biyu a takardu biyu, da shekarar haihuwar da aka ƙiyasta wa da yawa daga cikinmu. Kuma wajibi ne magidanci ya zaunar da matarsa ya gaya mata lambarsa ta asusu, da inda takardu suke, da wanda yake bi da wanda ke binsa. Matanmu ma'aikata su ma a gaya musu cewa fanshonsu nasu ne, su bi diddiginsa da kansu, kada su bar shi a hannun kowa.

Ba zan manta da waɗanda ba su da takardar albashi ko ɗaya ba, kuma su ne mafi yawa. A Adar kusan kowane gida yana da ɗan bida a Abijan ko Libiya ko Najeriya, wanda zai yi shekara talatin yana aiko da kuɗi, ya dawo da furfura babu abin da ke shigo masa. Ga ƴan kabu-kabu, da mahauta, da maɗinka, da mata masu tuyar ƙosai. Kuna da ƙungiyoyin sana'o'i a ƙarƙashinku, kuma muryarku tana kai wa inda tasu ba ta kai ba. Ku nema musu hanyar zubi da ta dace da mai samun kuɗi yau da yawa gobe babu. Wanda kuma ya taɓa aikin albashi ya bari, a sanar da shi cewa akwai ƙofar ci gaba da zubi da kansa, kuma tana da wa'adi, kada ya bari ta rufe.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ku sa kowane wakilin ma'aikata, sau ɗaya a shekara, ya tabbatar kowa a wurin aikinsa ya karɓo jerin watannin zubinsa ya gwama da takardun albashinsa, kuma duk inda aka ga giɓi ƙungiya ta ɗauki maganar a matsayin tata tun kamfanin yana raye, domin ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai ba zai iya tunkarar wanda ke biyansa ba. Ku ware rana guda a hedikwatar kowace jiha, ku kira jami'an CNSS da na CARENI su yi bayani da harsunan da muke ji, a kuma sa shi a gidajen rediyon karkara. Ku kira mu tsofaffi mu faɗi kurakuranmu da bakinmu, domin matashi zai fi jin wanda ya ɗanɗana. A nan Tahoua akwai mu da yawa da muke zama a inuwa bayan sallar Azahar, tsofaffin malamai da ma'aikatan lafiya da na kamfanoni, kuma na yi magana da wasunsu, sun amince. Idan reshenku na jiha ya sa rana kafin 1 ga Mayu mai zuwa, ni zan zo da allo da alli, da kuma akwatin ƙarfen nan, in nuna wa yaranmu takardun wata 38 ɗin da idonsu.

Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da kuka ɗauka.

Wassalam,
Naku, tsohon ma'aikacin lissafi,
Tahoua.